Situdiyon da ke Karanta Littafi a Jos: Bakin Mutum da Bakin Na'ura a kan Labari Ɗaya

A saman wani bene da ke bayan layin masu gyaran waya, tsakanin Terminus da titin Bauchi, akwai ƙaramin situdiyo mai sana'a ɗaya tak: ka kawo rubutaccen labari, a mayar maka da shi abin saurare. Ba sa ɗaukar waƙa, ba sa haɗa sautin fim, duk da cewa a garin da Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantar koyon fim ta ƙasa suke, can ne kowa ke hangen kuɗi. Kwastomominsu marubutan onlayin ne, yawanci mata, waɗanda suka gaji da ganin an kwashi littafinsu daga guruf ɗin WhatsApp an karanta a YouTube ko sallama babu, suka ce to gara su yi da kansu. A da zaɓi ɗaya ne, mai karatu ya shiga ɗaki ya karanta. Yanzu sun ƙara na biyu, muryar na'ura, wadda kuɗinta bai kai rabin na mutum ba, kuma suna cewa a yinin da ka kawo aiki za ka karɓa. Da labari ɗaya aka auna zaɓin biyu.

Labarin gajere ne, kalma 3,000, kuma da gangan aka ɗauko shi. Wata dattijuwa ce a Anguwar Rogo, autanta yana aiki a Abuja yana kwana a Mararaba. Kullum bayan isha'i yakan turo mata saƙon murya, ɗan guntu, cike da hon ɗin motoci da tari, rabinsa mitar cunkoson Nyanya. Da aiki ya sha kansa sai ya damƙa gaisuwar ga wata manhaja da ta koyi muryarsa. Saƙonni suka gyaru. Suka yi tsawo, suka cika da addu'a da karin magana, suna shigowa ƙarfe 8 daidai ba fashi, har maƙwabta na cewa Inna ta yi sa'ar ɗa. Ita kuwa wani abu ya tsaya mata a rai. Rannan sai ta aika masa cewa jar akuyarta ta haifi tagwaye, alhali akuyar nan ita aka sayar aka yi masa kuɗin mota da zai bar Jos, shi ma ya ja ta zuwa kasuwa da hannunsa. Ƙarfe 8 amsa ta iso: "Masha Allah Inna, Allah ya raya, ya sa masu albarka ne." Ƙagaggen labari mai taɓa kimiyya ba baƙo ba ne a Hausa, tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Na yanzu dai ya sauko daga sama ya shige aljihun riga. Ga mai ɗaukar murya, wahalar wannan labari ita ce muryoyi huɗu ne a cikinsa: mai ba da labari, Inna, auta na gaske da auta na bogi, kuma biyun ƙarshe dole su yi kama har su ruɗi maƙwabta amma kada su ruɗi uwa.

Matakin farko gyaran rubutu ne, kuma a nan situdiyon ya cancanci yabo, domin ba sa yarda a tsallake shi. Yawancin littattafan onlayin a waya ake buga su. Babu baƙaƙe masu ƙugiya, ko kuma an maye su da k' da d' da 'b yadda hannu ya ga dama, "ta ce" ta manne ta zama "tace", ga "wlh" da "ngd" da "slm", ga "2k" a wurin naira dubu biyu, ga hotunan fuska mai hawaye a tsakiyar jimla. Mutum zai iya karanta wannan ya wuce, ko da yake zai riƙa tuntuɓe. Na'ura ba za ta iya ba. "Daga" da "ɗaga" ba ɗaya ba ne a wurinta sai an rubuta ƙugiyar, haka "kafa" da "ƙafa", haka "fada" da "faɗa". Akwai yaro guda a wurin da aikinsa ke nan: ya mayar da ƙugiyoyi, ya warware gajerce-gajercen, ya rubuta alƙaluma da kalmomi, ya raba maganar kowane mutum a layinta. Suna cajin wannan daban, gwargwadon yawan kalmomi. Marubucin da ya girka allon rubutun Hausa a wayarsa, wanda ke cikin Gboard kyauta, ya gyara da kansa, ya huta da wannan kuɗi. Abin da yaron ba ya yi shi ne tambayar yadda ake kiran sunaye, don haka a zo da jerinsu a rubuce, ko ma a naɗa su a waya a ba mai karatu.

Ɗakin ɗaukar murya bai fi mita 2 da rabi a kowane gefe ba. An bi bango da katifar soso mai kauri, aka rufe ta da bargo, ƙasa kuma kafet ninki biyu. Ba kyau gare shi ba amma yana aiki, ya kuma fi kwalin ƙwai da ake mannawa a wasu wurare, wanda ado ne kawai, ba ya shanye amon ɗaki ballantana ya tare hayaniyar titi. Makirfonsu irin na hannu ne da ake kira dainamik, Shure SM58, an haɗa shi da kwamfuta ta ƙaramin akwatin sauti na Focusrite. Mai son ƙyale-ƙyale zai raina shi, ya tambayi ina babban kwandensa irin wanda ake gani a bidiyon mawaƙa. A wannan unguwa zaɓinsu ne daidai. Kwandensa kunnen maciji gare shi, zai kwaso Keke da mai tallan rake da injin niƙa na ƙasan bene, shi kuwa dainamik abin da ke dab da bakinsa ya fi ji. Kuɗin da ake biya a madadin haka shi ne mai karatu ba shi da damar yawo da kai. Tazarar baki da makirfo kamar faɗin tafin hannu ce, santimita 10 zuwa 15, a ɗan karkace gefe, da ragar tare iska a tsakani. Ya matsa baya kaɗan murya ta siranta, ya matso ta yi kauri kamar daga cikin tulu.

Yanayin Jos yana taimakonsu. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, saboda haka mutum zai iya zama minti 40 a rufaffen ɗaki ba fanka bai jiƙe ba, abin da ba zai yiwu a Abuja cikin watan Maris ba. Fanka kuwa ko iyakwandishan ba su da wurin zama a ɗakin ɗaukar karatu. Amma garin yana karɓe abin da ya bayar ta wani ɓangaren. Rufin benen kwano ne, da damina ta kankama ruwan la'asar yana tsayar da aiki cak, balle ranar da aka yi ƙanƙara. Da hunturu kuma leɓe ke bushewa, makirfo ya riƙa kama ɗan ƙas-ƙas ɗin buɗe baki a farkon kowace jimla. Maganinsa ruwan ɗumi a kusa, a guji shayi mai madara da goro kafin shiga. Lokacin da ya fi dacewa a kama shi ne daga ƙarfe 8 na safe zuwa kafin azahar, ban da Juma'a. Batun wuta kuwa sun yi dabara: yayin ɗauka a kan inbata da batir suke, janareta sai lokacin tacewa. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma idan wayoyin gini ba su da kyakkyawan haɗi da ƙasa, gunjin wannan kaɗawa yakan shiga sauti. A fayil ɗin da suka bayar ba a same shi ba.

Wadda ta karanta labarin mace ce da ta taɓa aikin rediyo. A tsaye take karatu, rubutun yana kan wata babbar waya da aka kashe wa netwok, domin takarda tana motsi, waya mai netwok kuma tana sa ɗan kukan nan na dit-dit-dit a cikin sauti. Ba a yi minti 2 da farawa ba injiniyan ya danna maɓalli daga waje ya ce, "Anti, awarwaron nan dai a taimaka a cire, yana shigowa." Ta ce, "Af, Malam, ai na sha'afa," ta zare su ta ɗora a kan bargo. Idan ta yi kuskure ba sa barin ta ta zarce a gyara daga baya. Yana tsayarwa, ya koma baya kamar sakan 5, ta ji muryarta a kunne ta hau kanta ta ci gaba daga inda ta karye. Wannan hanya ta fi cin lokaci a ɗaki, amma numfashi da nauyin murya suna ɗorewa, ba a jin ɗinki. Karatun da ya fito minti 22 ya ci awa 1 da minti 10 a ɗaki, har da hutu biyu. Kafin ta fita sai da suka naɗi sakan 30 na shirun ɗakin, wanda ake cike gurbi da shi wajen tacewa. Situdiyon da bai san da wannan ba, shirunsa yakan zama rami.

Shafin farko ta karanta shi da muryar labaran duniya, kowace jimla tana sauka a wuri ɗaya, kamar ana jiran ta ce ƙarshen labaran ke nan. Wannan ciwon duk wanda ya fito daga gidan rediyo ne, kuma injiniyan bai tsayar da ita ba, domin kunnensa yana kan hayaniya, ba kan labari ba. Sai da Inna ta fara magana sannan ta saki jiki. Daga nan kuwa ba a cewa komai. Ba ta yi rawar muryar tsofaffi irin ta wasan kwaikwayo ba, ta dai rage gudu, ta bar ƙarshen jimla yana ja. Wurin da Inna ke shirya ƙaryar akuya, ta sa wata 'yar dariya a ƙasan maganar wadda ba ta cikin rubutu, dariyar mai ɗana tarko tana fatan kada ya kama. Auta na gaske ta ba shi gaggawa da haɗiye kalmomi. Na bogi ta cika masa kowane harafi, ta daidaita numfashinsa, ta yi masa ladabin da ya wuce kima. Hausarta ta Jos ce, ta kuwa zauna wa labarin daram. Wanda littafinsa ke da mutanen Sakkwato ko Katsina masu "mi kaka so" da "in tahi", ya nemi a ba shi gwajin shafi ɗaya tukuna, domin masu karatunsu uku ne kuma duk tashin Jos ne.

Inda aikin mutum ya samu tangarɗa shi ne wajen tacewa, kuma laifuffukan uku duk na hannu mai nauyi ne. Na farko rage hayaniya. Manhaja irin Audacity tana ɗaukar samfurin shirun ɗaki ta cire shi daga duk karatun, kuma idan abin da aka rage ya wuce desibel 6 zuwa 10 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) murya takan fara ƙyalƙyali kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Sun wuce, alhali ɗakin ma bai buƙaci haka ba. Na biyu ya shafi Hausa kai tsaye. Akwai abin cire ƙas-ƙas ɗin baki da aka ƙera da kunnen Turanci, mu kuwa ƙ da ts da ɗan fashewar iska suke fita, wadda a idon manhaja ba ta da maraba da wannan ƙas-ƙas ɗin. Da aka tsananta shi sai "ƙofa" ta koma kusa da "kofa", "tsoro" ya yi laushi ya doshi "soro". Na uku shi ya fi ciwo. Suna da al'adar sa kwamfuta ta datse duk shirun da ya wuce sakan 1, don kada mai saurare ya zaci waya ta tsaya. Bayan saƙon "Allah ya raya", mai karatun ta yi shiru na kusan sakan 5 kafin ta ce "Inna ta kife wayar a kan tabarma." Wannan shiru shi ne cibiyar labarin gaba ɗaya. A fayil ɗin farko an datse shi, jimla ta hau kan jimla kamar ana sauri a kama mota. Da aka nuna musu sun mayar ba gardama, domin suna ajiye ɗanyen sautin, kuma gyara zagaye ɗaya yana cikin kuɗin. Zagaye na biyu sai an ƙara.

Kiɗan da suke shimfiɗawa a ƙarƙashin karatu ma a ce ba a so. Sarewa ce mai maimaita kanta duk bayan sakan kaɗan, wai don taushi. A lasifikar ƙaramar waya, wadda da ita tela da mai girki da direban hanyar Akwanga za su saurara, tana cinye ƙarshen kalmomi. Idan lallai sai an sa, ta zauna aƙalla desibel 20 ƙasa da murya, ta kuma tsaya a farkon babi da ƙarshensa. A tambayi asalinta kuma, domin YouTube yana gane kiɗan da ke da mai shi, kuɗin tallan bidiyon na iya komawa wurinsa.

Sai muryar na'ura. A jimlolin farko za ta burge ka. Tas take, babu numfashi, babu awarwaro, kalmomin gama-gari suna fita daidai. Matsalar tana fitowa ne daga abin da rubutun boko bai taɓa rubutawa ba. Hausa tana da karin sauti, sama da ƙasa da mai faɗuwa, tana da dogon wasali da gajere, har ra iri biyu gare ta, kuma babu ko ɗaya da ake nunawa a rubutun yau da kullum. Bahaushe daga ma'ana yake gane wanda ake nufi, bai ma san yana yi ba. Akwai inda Inna ke gaya wa ɗanta "garin ya ƙare", tana nufin na tuwo, mai dogon wasali. Na'ura ta gajarce shi, sai ya zama garin Jos ne ya ƙare. "Wuyan" da ke mata ciwo ya koma wuyar rayuwa. "Bara" ta shekarar da ta wuce ta fito kamar ta almajirai. Mafi muni shi ne ɗan "ya" ɗin nan. A "Allah ya kiyaye hanya" gajere ne mai sauti ƙasa, shi ke mayar da jimlar addu'a. Idan aka ja shi aka ɗaga, ya zama labarin abin da ya riga ya faru. Labarin da uwa ce ke magana da ɗanta addu'a ce a kowane sakin layi, kuma na'urar tana cankar wasu tana ɓata wasu, ba tare da wata ƙa'ida da za ka kama ba.

Injiniyan yana da dabarar gyara rabin wannan: ya sake rubuta kalmar da wasali biyu, "gaarin", ya sa a sake karanta jimlar. Tsawon wasali yakan gyaru ta haka. Karin sauti kuwa babu maɓallinsa, sai dai a yi ta maimaitawa ana fatan dacewa, ko a canja kalmar, wato a taɓa rubutun marubuci don jin daɗin na'ura. A labarin minti 20 wannan faci ya ci fiye da awa 2, kuma dole marubucin ya zauna yana saurare jimla-jimla, domin shi ya san abin da yake nufi. Alkawarin karɓa a yini ɗaya gaskiya ne ga wanda ba zai saurara ba.

Ko da an gyara kalmomi, akwai abin da ya rage. "Tsit", "zumbur", "fari fat", "baƙi ƙirin", irin waɗannan Bahaushe yakan ɗaga su sama da sauran jimla, su ne gishirin ba da labari tun daga tatsuniya. Na'ura tana bi ta kansu a miƙe kamar sunan kaya a rasit. "Kai!" na mamaki da "kai" na wakilin suna duk ɗaya ne gare ta. Tambayar da ba ta da "shin" ko "ko" tana fita kamar sanarwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Na'ura abin da ta ji take maimaitawa, sautin Hausa da aka naɗa tare da rubutunsa kuwa kaɗan ne, kuma yawancinsa karatu ne na natsuwa. A 2023 kamfanin Meta ya saki wani tsari mai karanta rubutu a harsuna sama da 1,100, har da Hausa, wanda aka koyar da shi galibi da karatun Sabon Alkawari, saboda shi ne littafin da aka fi samu a naɗe a harsuna da yawa. Muryar da ta tashi a kan karatun littafi mai tsarki da na labarai ba ta taɓa jin uwa tana yi wa autanta tsiya ba, ba ta ji yadda ake ba Gizo tsamin baki ba, ba ta san cewa bayan "ga ta nan ga ta nanku" ana dakatawa a jira "ta zo mu ji ta" ba.

Amma akwai wuri ɗaya da na'urar ta fi mai karatun, kuma abin dariya ne: saƙonnin auta na bogi. Santsin nan mara numfashi, ladabi mara ɗumi, addu'ar da ke fita kamar sanarwa, duk abin da ya zama aibi a bakin Inna ya zama daidai a nan. Mai karatun ta yi ƙoƙarin kwaikwayon rashin rai, amma mai rai ce, ana jin ƙoƙarin. Da aka yanko saƙonni 6 na na'ura da muryar namiji aka dasa su cikin karatunta, "Allah ya raya" ta fito da wani sanyi mai tayar da tsikar jiki. Wannan haɗi ba ya cikin jerin ayyukansu, sai an nema, kuma sun yi shi a kuɗin karatun mutum. A lura dai cewa ya yi aiki ne saboda labarin ya gaya wa mai saurare tun farko cewa manhaja ce ke aiko saƙon, Inna kaɗai ce ba ta sani ba. A labarin da ke ɓoye wannan sai ƙarshe, muryar na'ura za ta tona asiri tun saƙon farko, gara a bar mutum ya karanta. Ban da irin wannan gurbi, inda na'urar za ta yi amfani shi ne sanarwar farkon babi, ko marubuci ya saurari rubutunsa don kamo kalmar da ya maimaita. Littafin soyayya mai babi 60 da aka ba ta gaba ɗaya, araha ce da ba ta ado.

Ƙarfin sautin da suke bayarwa ya zauna cikin ma'aunin da kasuwar littafin saurare ta Audible ke nema: matsakaici tsakanin desibel 23 da 18 ƙasa da sifili, ƙololuwa kada ta haura 3 ƙasa da sifili, hayaniyar ɗaki kada ta haura 60 ƙasa da sifili. Ma'anarsa ga mai saurare ita ce ba sai ya riƙa ƙara murya yana ragewa tsakanin babi da babi ba. Sai dai idan ba ka yi magana ba, fayil ɗaya za su ba ka, MP3 mai nauyin kilobit 192 a sakan, wanda awa guda take cin MB 86. Ga masu karatun da ke sayen data da ɗari-ɗari wannan zalunci ne. Muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar fiye da 64 a layin sauti guda, mono, wato kusan MB 29 a awa. Labarin nan ya sauko daga MB 32 zuwa ƙasa da 11, kuma a lasifikar waya ba a jin bambanci. A nemi uku: ɗanyen WAV na ajiya, mai 192 na YouTube, mai 64 na guruf. A WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, kada a kunna a sake naɗa shi a saƙon murya. Dogon littafi a yanka shi minti 20 zuwa 30, a sa wa fayilolin lamba 01, 02, 03, in ba haka ba ƙananan wayoyi da rediyo mai memori za su jera babi na 10 a bayan na 1.

Kuɗin aiki da minti suke lissafawa, mintin da ya fito a tace, ba wanda aka ɓata a ɗaki ba, wannan kuwa adalci ne domin kuskuren mai karatu ba ya hawa kan marubuci. Rabi ake biya kafin a fara. Inda ya kamata a buɗe ido shi ne tayin rangwame: su rage kuɗi sosai, su kuma ɗora littafin a tasharsu ta YouTube. Ga sabon marubuci tayin yana da daɗin ji, tunda kafin tasha ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Amma da baki suke yin wannan yarjejeniya, "ai mun zama ɗaya, Hajiya", babu wa'adi, babu kason da aka faɗa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce sallama haƙƙi ko ba da izini na keɓe ga mutum ɗaya sai a rubuce, don haka takarda kariya ce ga ɓangarorin biyu. Shafi ɗaya ya isa: shekara nawa izinin zai yi, ko marubuci na iya ɗorawa a tasa tashar, kaso nawa kuma yaushe, wa ke riƙe da ɗanyen fayil. Mai karatu ma tana da abin da za ta nema a wannan takarda: a ambaci sunanta a farkon odiyo, kuma kada a ɗauki awoyin muryarta a koyar da na'ura ba da saninta ba. Situdiyon da ke sayar da muryar mutum da ta na'ura a teburi ɗaya, yana kuma ajiye ɗanyen sauti, wannan tambaya ta hau kansa. Da aka yi ta, amsar ita ce ba su taɓa tunanin haka ba, amma ba su ƙi a rubuta ba.

Wanda zai kai musu aiki ya zaɓi karatun mutum, ya zauna a wurin aƙalla rabin awar farko da abin ji a kunne, domin babu mai ba da umarni sai shi. Idan shafin farko ya fito da muryar labaran duniya, a bari sai an gama sannan a sake ɗaukarsa, lokacin bakin mai karatu ya riga ya saba da mutanen labarin. A ce a sassauta rage hayaniya, a kashe abin cire ƙas-ƙas ko a saurari kalmomi masu ƙ da ts bayansa. A cikin rubutun kuma, duk inda ake son shiru, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a layinsa da jan launi, "shiru sakan 4", a nuna wa injiniya tun kafin ya taɓa fayil ɗin.